Jitar Malam Bawa

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam Bawa, sai aka ɗauke shi daga Gwandu zuwa Kalgo, gidan babban ɗansa Lukuman. Likita ya ja musu kunne kada a tayar masa da hankali, domin idan jininsa ya sake hawa, faɗuwa ta biyu ta fi ta farko muni. Da bakinsa ya soma buɗewa, abin da ya fara nema shi ne jitarsa, wadda yake kaɗawa tun yana saurayi cikin makaɗan soja.

Ɗiyarsa Khairiyya ce ta ɗauko ta daga Gwandu. Ta naɗe ta da bargo, ta ce a cinya za ta riƙe, amma direba ya rantse babu wuri, ya cusa ta a but ɗin bayan mota tare da buhunan albasa. Suna cikin tafiya motar ta afka wani rami. Daga bayanta Khairiyya ta ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Ta kasa ko waiwayawa.

A tashar Kalgo ta warware bargon. Wuyan jitar ya tsage daga sama, wayoyin sun saki suna lilo. Ta zauna a kan wani benci. Nan Lukuman ya kira ta a waya, ya ce ta yi sauri, Baba ya sa an fito da kujerarsa tsakar gida yana jiranta. Ta ce ga ta nan.

Ta yi tunanin ta ɓoye ta, ta ce ta manto. Amma Baba ya san ba ta iya ƙarya, ido kawai zai zuba mata. Ta nufi wani kafinta a bakin tasha, ana ce masa Sambo. Ya jujjuya jitar, ya ce gam zai iya kama ta, sai dai a matse ta ta kwana, kuma bai yi alkawarin za ta jure ɗaurin waya ba. Khairiyya ta karɓi kayanta ta wuce.

Tun daga ƙofar gida Lukuman ya gane jitar ta karye, ya yi mata alama ta koma. Amma tsohon ya riga ya hango ta, ya miƙo hannun dama. Ta durƙusa, ta ɗora masa a cinya, ta buɗe.

Ya bi tsagar da yatsa. Numfashinsa ya yi nauyi, gefen bakinsa ya shiga rawa. Lukuman ya ruga ɗaki neman na'urar awon jini. Khairiyya ta kafa wa jijiyar goshin mahaifinta ido tana salati a zuci, tana jiran ta ga ya sulale.

"Mi ya same ta?"

Ta gaya masa komai har da maganar kafintan, hawaye na shiga bakinta.

"Ke ba ki ji ciwo ba?"

Ta girgiza kai. Sannan, da harshensa mai nauyi, ya ce shi ma tun safe ƙirjinsa ke bugawa, yana tsoron a miƙa masa ita lafiya lau, jikoki su kewaye shi, hannun hagu ya ƙi danna waya. Ya ce a kai wa kafintan, kuma kada a matsa masa ya yi sauri.

Lukuman ya auna shi. Jinin ya hau, amma bai kai inda likita ya ce a garzayo ba. Ya sake aunawa don ya tabbata, sannan ya rungumi jitar ya fita.

Khairiyya ta dama masa kunu. Da ta zo ba shi, kunun ya ɗiga a rigarsa. Ta goge, ta zauna a gindin kujerar tana duban fuskarsa, ba ta motsa ba sai da aka kira la'asar.