Kumfa a Bakin Radiyata

A shekarun da ake aikin gadar Gaya, lokacin da jirgin fito ne ke ƙetarar da motocin gyaɗa zuwa Malanbil, babu makaniken da ake jin maganarsa a garin kamar Zakariya'u. A soja ya koyi sana'ar, ya dawo gida da akwatin kayan aiki da kuma ɗan girman kai. Garejinsa rumfa ce ƙarƙashin wani ƙaton maɗaci kusa da bakin kogi. In ya ce ciwon mota kaza ne, to, an gama magana.

Cikin masu kawo masa gyara akwai Alhaji Mumuni, mai kamiyo guda, wato babbar motar kaya, da ke jigila tsakanin Gaya da Doso. Direbansa Siddo ne, ɗan masunta, mutum mai sanyin hali, Hausarsa ta kasuwa ce, sai ya yi ta laluben kalma kafin ya kai ƙarshen zance.

Wata ranar bazara Siddo ya shigo da motar tana huci kamar tukunyar dambu. Alhaji na biye da shi, ransa a ɓace.

"Yaya Zakari," in ji Siddo, "motan nan tana shan ruwa. Na cika da safe, kafin azahar babu. Allura tana hawa ja."

Zakariya'u ya shiga ƙarƙashin motar. Ya matsa robobin ruwa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa radiyata sama da ƙasa, ya girgiza famfon ruwa, ya ja bel ɗin fanka. Ya cika radiyatar da ruwa, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, aka jira. Ko ɗigo bai sauka ba.

"Kuma da safe hayaƙi fari yake fitowa," Siddo ya ƙara, a hankali.

"Wace mota ce ba ta farin hayaƙi da safe a bakin kogi?" Zakariya'u ya katse shi. Ya juya wajen Alhaji yana goge hannu. "Alhaji, motarka ba ta yoyo. Wata uku ke nan da na buɗe injin nan da hannuna, na san abin da ke ciki. Ruwan da aka zuba ba ya tashi sama. Wanda ba a zuba ba ne ake nema a rasa."

Siddo ya shiga laluben kalma. Abin da ya iya cewa kawai, "Wallahi ina zubawa." Masu zaman rumfar suka yi dariya. Ranar Alhaji ya karɓi makullin motarsa, ya sallami Siddo.

Sabon direba, Hama, kwana tara ya yi. An aike shi Bengou ɗauko gishiri, motar ta tafasa a hanya, sai da wata kamiyo ta jawo ta da sarƙa. Hama kuwa ba mai laluben kalma ba ne. A gaban kowa ya ce garwa huɗu ya ɗura mata, duk ta shanye.

Wannan karon Zakariya'u bai shiga ƙarƙashin mota ba. Ya bari ta huce sarai, ya cika ruwa har baki, ya bar murfin a buɗe, ya ce a tayar. Ya tsaya yana kallo. Sai ga kumfa ƙanana suna tasowa, ɗaya na bin ɗaya, ba su yankewa. Ya sunkuya ya shinshina, ya ji warin hayaƙin inji cikin ruwa. Ya zaro sandar awon mai, ya ga man ya zama fari-fari kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya shiga cikin inji. 

Da ya kwance kan injin, sai ga abin a fili. Juwan, wato shimfiɗar da ke raba hanyar ruwa da ɗakin wuta, ya ƙone a gefe guda, tsagar ba ta fi kaurin zare ba. Ta nan ruwan ke shiga wuta ya fice ta bututun hayaƙi, shi ya sa ƙasa ba ta taɓa jiƙewa ba. Notuna biyu na wannan gefen kuma ba su ɗauru yadda ya kamata ba. Ya tuna ranar da ya haɗa injin sarai: Juma'a ce, ana kiran salla, ya ce zai sake bin su in ya dawo, bai bi ba.

Bai tsaya wanke hannu ba ya nufi gidan Alhaji.

"Alhaji, laifina ne. Siddo gaskiya ya faɗa. A mayar masa da aikinsa."

Alhaji ya ce, "Malam Zakari, kai ka raba mu, kai za ka nemo shi."

Zakariya'u ya gangara unguwar masunta. Matar Siddo, Aisata, na gyaran kifi a tsakar gida. Ta amsa sallama ba tare da ta ɗago ba.

"Maigida ya hau jirgin fito da masu zuwa Kumasi tun ranar kasuwa," in ji ta. "Ya zaga wajen masu motoci uku, kowa ya ce ya ji abin da makanike ya faɗa."

"Ni ne na yi kuskure, Aisata. Ba shi ba."

Sai a lokacin ta dube shi. "Mu dama mun sani. Mutanen gari za ka faɗa wa."

Ya kuwa faɗa. A tasha, a masallaci, a rumfarsa, duk wanda ya zauna sai ya ji labarin notunan nan biyu. Ya gyara motar, ta yi shekaru tana aiki lafiya. Ya sa malamin lakwal, wato makarantar boko, ya rubuta wa Siddo wasiƙa har sau uku, ya ba fatake masu zuwa kudu. Ɗaya ya dawo ya ce ya ga Siddo yana dako a kasuwar Kumasi, ya karɓi takardar, ya sa a aljihu, ya ce a gaida gida.

Da damina ta wuce Aisata ta kwashe yaranta ta bi mijinta. Aka buɗe gada, motoci suka ƙaru, garejin Zakariya'u ya bunƙasa. Siddo dai bai sake zuwa Gaya ba, amsar wasiƙa kuma ba ta zo ba.