Hannun da ke Bayan Zana

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, Hilda da mata 'yan'uwanta suka yi ta tuƙa tuwo a sansanin 'yan gudun hijira da ke bayan Jimeta. Ɗan kwangilar da ya ɗauke su kullum cewa yake albashi na hanya, har aka tashi sansanin bai iso ba. Da suka kai ƙara kotun ma'aikata a Yola, bawan Allahn nan ya murje ido ya ce bai taɓa ganinsu ba. Takarda kuwa ko ɗaya ba su da ita. Alƙali ya ce su kawo shaida, in babu zai kori ƙarar.

Abin da ya karya wa Hilda gwiwa shi ne, a bayan zana suke girki. Saboda turereniya, ta wata 'yar kafa suke miƙo kwano. To wa ya ga fuskarsu?

Lauyansu ya nemo Hamajoɗa, wani tsoho da ya zauna a sansanin. Ya ƙura wa Hilda ido, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, fuska ɗin nan dai ban san shi ba."

Lauyan ɗan kwangila har ya fara murmushi.

"Amma a ce ya miƙo hannu," in ji tsohon, yana nuna Hilda.

Hilda ba ta son nuna hannun nan. Tun ranar da tukunyar miya ta kife mata fatar ta tattare har babban yatsa, ko a coci cikin gyale take ɓoye shi. Ta fito da shi a hankali.

Hamajoɗa ya sunkuya a kansa, bai taɓa ba.

"Shi ne. Ina kan layi ranar da ya ƙone. Washegari ya dawo ɗaure da tsumma, ya miƙo mini tuwo. 'Yata, hannun nan ne ya raya jikokina."

Alƙali ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon hannun kafin ya koma rubutu. Sauran matan suka shiga fito da nasu, tsohon yana bi yana gyaɗa kai.

Ranar hukunci aka ce a biya su har kwabon ƙarshe. A keke mai ƙafa uku da ya ɗauko ta zuwa unguwarsu Demsawo, Hilda ta ɗora hannun bisa cinya, babu gyale. Mamaki ya cika ta. Tana ta kallonsa kamar yau ta fara ganinsa, har direba ya wuce ƙofar gidanta ba ta lura ba.