Layin da Na Ja wa Norma

Shekara arba'in nake haska fina-finan Norma Petrakis a garin Buffalo, a wani ɗaki da ke saman gidan burodi, kuma ban taɓa yaga mata ko ɗaya ba. Ina faɗar haka ne don a san wanda ke magana.

Norma ba ta ɗaukar fim da kyamara. Tun ranar da ta bar aikin tallar sabulu a talabijin ta sayar da tata. Baƙin zaren fim take samu ta riƙa karce shi da allura, duk inda ta karce haske ya ratsa. Zaren rabe yake gida-gida, gida ashirin da huɗu ke wucewa a daƙiƙa guda. Kullum da safe, kafin ta sha kofi, takan karce gida ɗaya tak. Shekara talatin da biyu tana wannan aiki, ya ba ta fim na minti takwas.

Da ta cika saba'in da biyar, wata ma'adanar fina-finai ta karɓi zaren don ta yi masa kwafi a kwamfuta, a haska ranar bikin zagayowar haihuwarta. Ranar Asabar da rana, mutane sun fara hawowa ɗakinmu, sai ga shugabar ma'adanar, Misis Lindgren, riƙe da zaren a gwangwaninsa, fuskarta ba daɗi.

"Norma, an yi kuskure," in ji ta. "Na'urarmu tana goge duk karcen da ta gani a tsohon fim. Ta ɗauka lalacewa ce."

"Me ya rage a kwafin?"

"Baƙi. Minti takwas."

Norma ta yi dariya har da tari. "To, ta fi masu sharhin jarida gaskiya." Ta juyo gare ni. "Floyd, ɗora na ainihin."

Misis Lindgren ta rungume gwangwanin. Ta ce zaren ya bushe, shi kaɗai ne a duniya, in ya tsinke a majigi shi ke nan. Ta roƙa a jira wata biyu a sake kwafi.

"Ƙanwata, ni wa ya yi mini alkawarin wata biyu? Ba don a adana a firji na yi shi ba." Norma ta dube ni ta saman tabarau. "Ko hannunka ya fara rawa ne, tsoho?"

"Naki ne ke rawa. Miƙo."

Na share majigin sau biyu, na zura zaren, na kashe fitila. Mutum sittin suka zuba ido. Haske ya fara tsalle a bango: ɗigo, ƙugiya, zane kamar sawun kaza. Na gane shekarar da ta karye a wuyan hannu, don karcen ya yi kauri ya karkace. Na gane makon da mijinta ya rasu, ya wuce kafin in ƙifta ido.

A minti na biyu sai na ga wani siririn farin layi ya sauko daga sama har ƙasa, a gefen dama, ya tsaya cak. Ba nata ba ne. Ƙwayar datti ce ta maƙale a majigina tana kartar zaren. In na tsayar, zafin fitila zai ƙona gidan da ke gabanta. Na bar shi ya tafi, layin ya bi shekara ashirin da huɗu na aikinta har ƙarshe. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ana tafi na sauko da zaren na miƙa mata. "Na ɓata miki shi, Norma. Ba ya gyaruwa."

Ta warware ƙarshensa, ta ɗaga a hasken taga, ta daɗe tana kallo.

"Miƙaƙƙe sambal," in ji ta. "Ni ban taɓa iya jan layi haka ba."

Ta zare allurar da ke wuyan rigarta, ta dafa zaren a kan gwangwanin. A ƙarshe, inda ta karce sunanta, ta fara karce nawa a ƙasa.

"Shekara talatin da biyu ina yinsa ni kaɗai. Sai yau ka ga damar sa hannu."