Ranar da Kawu Ya Kwashe Duka

A bayan shagon tela muke buga karta da rana in an ɗauke wuta. Mu huɗu ne: ni, da Kawuna, da tela, da wani direban tirela da muke kira Dogo. Kujera mai jingina ɗaya ce a wurin, sauran jarkoki ne da bulo. Dokarmu, wanda ya ci wasan ƙarshe shi ke da kujera washegari. Shekara biyu Kawu bai sauka daga kanta ba.

Ba wai ya fi mu iyawa ba ne. Kawu ya san wasa kala-kala, ko dai ya ce ya sani. Akwai wanda kowa zai bi gida, wato irin kartar da aka fara jefawa, mai babbar karta ya kwashe zagayen. Akwai wanda ake ware gida ɗaya ya riƙa yanke sauran. Akwai wanda za ka faɗi zagaye nawa za ka ci tun ba a fara ba. Matsalar, sai an kusa gamawa muke jin wanne muke yi, kuma kullum wanda Kawu ke ci ne.

Ran nan Dogo ya dawo daga tafiya da sabon wasa. Tun da safe ya koya mana ni da tela: gudun ci ake yi, wanda ya fi kwasar zagaye shi ya faɗi. Da Kawu ya iso ya baje a kujera, Dogo ya ce, "Kawu, na zo da sabo, bari in maka bayani."

"Ni? Kana goye a baya nake buga wannan."

"Ai ban ma faɗi wanne ba ne."

"Duk na san su. Raba!"

Tela ya cire allura daga baki. "Kawu, ka dai san shi ko? Kar a je ƙarshe a ce wani ne daban."

"Na Dogo muke yi, kuma na sani. Ko in rubuta maka?"

Aka raba. Kawu ya maka sarki, muka zuba masa ƙanana, ya kwashe. Ya sake makawa, ya sake kwashewa. Yana jera su gabansa kamar mai tallar sabulu. Tausayi ya kama ni, na ce, "Kawu, a hankali dai."

"Yi mini shiru! Kai da ko rabo ba ka iya ba."

Na ƙyale shi. Zagaye goma sha uku, ko ɗaya bai bar mana ba. Ya miƙe ƙafa ya ce, "Dogo, wannan ne abin da ka ɗauko tun daga nesa? Ka ɓata man mota."

Dogo ya ce, "Sannu da aiki, Kawu. To tunda ka sani, faɗa wa yaran nan wa ya faɗi."

Kawu ya dubi tarin da ke gabansa, ya dubi namu wayam. Ya buɗe baki zai ce akwai wani irin wasan, tela ya miƙa masa biro da takardar awo. "Ko za ka rubuta ɗin?"

Washegari Dogo ne a kujera, tunda shi ya kawo wasan, har da gyangyaɗi. Kawu ya daɗe a tsaye wai bayansa ke ciwo. Na goge masa jarkar da ba ta lotse ba. Ya zauna, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai, yau wanne ake yi?"