Waifar Kunkuru

Tela yana murɗa makullin mota, waifar nan biyu maimakon su tashi su share gilashi, sai suka yi ƙasa suka kama sharar bonet, ƙiii, har da barin zane a fenti. Ya yi wuf ya kashe. Matarsa, wadda duk layin ke kira Gwaggo, tana tsaye da buta a hannu, dariya ta hana ta magana. Da ta samu numfashi ta ce ai gara haka, bonet ɗin ma ya daɗe bai ga wanka ba.

Motar ta mahaifinsa ce, ta girmi 'ya'yansu kaf, jikoki suna ce mata Kunkuru. Tun ranar da ruwa ya tare su a hanyar asibiti waifa ta tsaya cak, Gwaggo ta yi ta zura hannu ta taga tana goge gilashi da ɗankwalinta, ta ce ita da motar nan har abada. Ita ta matsa a sayar, ita kuma ta samo mai saye, wani mai gareji da ke tara tsofaffin motoci. Da yammar nan zai zo ya ja abarsa. Tela bai yi musu ba, sai dai cin abincinsa ya ragu. Abu ɗaya ya ce: ba zai miƙa wa mutum motar mahaifinsa tana makauniya ba.

Ya sosa ƙeya, can ya gano inda ya kwafsa. Ashe injin waifar yana tsakiyar tafiya ya ɗaura masa hannuwa. Ya sa sifana ya kwance su, ya kunna injin shi kaɗai ya kashe, ya bar shi ya koma mazauninsa. Sannan ya mayar da hannuwan a kwance, ya bar tazarar yatsu biyu daga ƙasan gilashi, bai ƙulle notin tamau ba sai an gwada. Robar waifar kuwa tun safe ya yanke ta da almakashinsa daidai tsohon ƙarfen, tunda na zamani ba sa hawa.

Saura gwaji, kuma ba a gwada waifa a busasshen gilashi. Ya roƙi Gwaggo ta ba shi butar ta shiga ta ja maɓallin, ta faɗa masa inda ba ya sharuwa.

"Zama ne kawai, Hajiya, ba tafiya ba."

Ta shiga tana mita, wai ƙofar ma sai an yi kokawa da ita. Kujerarta na nan yadda ta bar ta, ta lotsa daidai zamanta. Tela ya kwararo ruwa, ta ja maɓalli. Waifa suka tashi tare, suka kwanta tare, fes, sai ga fuskar mijinta ta fito a gilashin, hula a karkace, baƙin mai a gemu, yana jiran hukunci. Tana kallonsa, ruwa ya rufe shi, waifa ta sake fito da shi.

Ya tambaya ko ya yi. Ta ce nasa ɓangaren ya yi.

"Nawa ne bai kai ba, Malam. Ɗaga shi kaɗan, ba na ganin hanya."

Tela ya buɗe baki zai tambaye ta wace hanyar, sai ya yi wa kansa faɗa ya rufe. Ya sassauta noti, ya ɗaga hannun waifar kaɗan, haƙori ɗaya na ƙarfen, ya ƙulle.

Yana cikin goge hannu aka yi sallama a bakin ƙofa, muryar mai gareji ce. Tela ya dubi matarsa. Gwaggo ta jawo ƙofar motar ta rufe gam, ta gyara zaman mayafi.

"Je ka ba bawan Allah haƙuri," ta ce. "Ka ce masa unguwa za mu."