Get Ɗin Da Ya Ƙi Fita

"Ku karkata shi hagu! Hagu na ce!"

Ɗalibai suka karkata get ɗin hagu. Ƙarfe ya daki bango, garin siminti ya zubo wa Malam Maigandi a hula. Suka karkata dama, suka kwantar, suka tayar. Get dai ya ƙi fita daga ɗakin walda.

Maigandi shi ne malamin walda a makarantar koyon sana'a ta Alhaji Gidaɗo da ke Arkilla. Yau ake yaye ɗalibai, kowane sashe zai nuna aikinsa mai makaranta ya gani. Ganin bana kuwa ba na wasa ba ne. Alhaji ya riga ya faɗa, ɗaki ɗaya zai koma na kwamfuta, kuma sashen da bai burge shi ba shi za a rufe. Shi ya sa Maigandi da ɗalibansa suka cinye zangon nan kaf a kan get guda, ƙato, irin wanda ake turawa gefe, da adon taurari daga sama har ƙasa. Komai sun auna shi. Ƙofar fita ce kaɗai ba wanda ya tuna da ita.

Hajiya Dijatu, sakatariyar makaranta, ta leƙo riƙe da lasifika.

"Malam, an kafa rumfa, an jera kujeru. 'Yan ɗinki sun fito da nasu, kafintoci sun fito da nasu. Kai muke jira."

"Muna tahe, Hajiya."

Ta dubi get, ta dubi ƙofa. "A haka kuke tahe?"

Kafin ya amsa sai ga Malam Arzika, malamin gini, taubashin Maigandi, yana tafe yana ɓare gyaɗa. Ya tsaya ya ƙare wa abin kallo, sannan ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa.

"Maƙeri ya haihu cikin tulu!"

"Kai ka jawo, ɗan banza! Da munka fara aikin ga, ƙofar ga ko mota tana shiga."

"Awo. Wa ya zo yana yi min kuka awaki na shigo mai, iska na kwashe mai wuta? Wa ya ce a rage ta? Wa ya ƙera sabon ƙyaure da hannunai?"

Maigandi ya san duk shi ne.

"To fasa min gefe ɗaya," ya ce a hankali. "Gobe in taya ka mayarwa."

Dariyar Arzika ta tsaya. Bangon nan da ya rage ƙofar shi ne jarrabawar ɗalibansa, shi kaɗai ne abin da zai nuna wa Alhaji yau. In an fasa, sashen gini ba shi da komai sai tarin bulo.

"Ni ma ɗiya gare ni, Maigandi," ya ce.

Maigandi ya dubi taubashin nasa. Tare suka tashi a Dundaye, tare suke hawa keke-napep ɗaya su zo aiki, kullum suna faɗan wanda ya fi cin wuri. Ya juya ya ɗauko injin yankan ƙarfe, ya ja layi da alli a tsakiyar get ɗin, daidai kan babban tauraro. Ɗalibansa suka kau da kai. Ya kunna inji, inji ya yi ƙara, ya kai shi bakin ƙarfe.

Sai aka ɗauke wuta.

"Allah ya fi ku hankali, ku duka biyun," in ji Hajiya Dijatu. "Aje abin nan. Alhaji ƙafafu gare shi, get ba shi da su. A share ɗakin ga, a kawo kujerarsa nan. Ni zan ce haka tsarin bana yake."

Da la'asar Alhaji Gidaɗo ya iso. Tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, idonsa ya saba da awo. Ya zaga rumfa, ya taɓa riguna, ya zauna a kujerar kafintoci ya jijjiga ta. Sannan Hajiya ta yi masa jagora zuwa ɗakin walda, tana ta bayani a lasifika kamar tun bara aka shirya hakan.

A bakin ƙofa ya tsaya, ya shafa bango, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ɗalibaina, Alhaji," in ji Arzika.

"Ya yi."

Ya shiga. Ya tsaya gaban get ɗin, ya bi taurarin da yatsa, ya goge layin allin da bakin hannun rigarsa. Ya waiwaya ya dubi ƙofa. Ya sake duban get. Gemunsa ya ɗan motsa, amma bai yi dariyar ba.

"Hajiya, kwamfutocin nan a zuba su ɗakin ajiya, a sa musu fanka. Masu hannu irin wannan ba a rufe musu ɗaki." Ya juya ga Maigandi. "Get kuma nawa ne. Gobe a kai min gida, Ƙofar Dundaye. Yadda yake ɗin nan, ban son a yanka."

Bayan an watse, Maigandi na zaune kan benci yana shan ruwan leda, Arzika ya shigo da guduma a kafaɗa.

"Bango ya ci jarrabawa. Matsa, maƙerin tulu." Ya ɗaga guduma, sai ya dakata. "Af, ka taɓa zuwa gidan Alhaji?"

Maigandi ya taɓa zuwa, ranar wani suna. Ya tuna mai keke-napep ya sauke su bakin titi, ya ce lungun gidan ya yi ƙunci, ba ya shiguwa.

Ya miƙe, ya lalubo tef ɗin awo ya jefa aljihu.

"Dakata da fasawar tukuna," ya ce. "Ina zuwa."