Mujiyar Katako

Shekara talatin da 'yan kai Kafinta yana sana'a, ba a taɓa samun wanda ya dubi aikinsa ya ce madalla ba. Kujerar da ya haɗa sai an cusa mata takarda a ƙafa ɗaya, tagar da ya kafa sai ta sha duka take buɗewa. Ƙofar kicin ɗin gidansa kuwa ra'ayin kanta gare ta, ko an wangale ta sai ta lallaɓo ta rufe. Matarsa ta yi magana har ta gaji, ta koma tura ta da gwiwa.

Abu ɗaya ya iya, kiwon tantabaru. Yayansa ne ya bar masa su a ciwon ajali, ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka kula min da su." Shekaru sun ja, na asalin duk sun ƙare, saura wata fara tas da yayan ya raina da hannunsa, suna kiranta Fara. In Kafinta ya ga ta sauka a kafaɗarsa, ji yake kamar yayan bai gama tafiya ba. A lokacin tana da 'yan shila biyu a ɗakinsu na bayan gida, ko gashi ba su gama fitarwa ba.

Sai shaho ya gano gidan. Cikin mako biyu ya ɗauke uku. Kafinta ya yi jifa, ya buga gwangwani, ya yi zagi, shahon bai ma san yana yi ba.

Wani da ya kawo gyaran tebur ne ya ce masa ai shaho tsoron mujiya yake. Kafinta ya ture tebur ɗin gefe, ya zaɓo gungumen katako mafi kyau a shagon. Kwana uku yana sassaƙa. Ya fitar da gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya, ya lanƙwasa baki, ya yanko gilashin fitilar wata tsohuwar mota ya yi idanu. Da ya kawo ta gida ya ajiye, matarsa ta shigo da tire a hannu, ta yi arba da ita, ta saki tiren.

"Maigida, fitar min da abin nan. Kallona take."

Bai taɓa jin yabo mai daɗin wannan ba.

Washegari da safe ya saki tantabarun, suka tashi shawaginsu. Ya jingina tsani, ya hau, ya dasa mujiyar a kan dogon ginshiƙin da ke saman ɗakinsu. Ƙusa 'yar inci shida ya sa mata har guda takwas, don kada iska ta yi masa wasa da aiki. Ya sauko ya kakkaɓe hannu ya tafi shago yana fito.

Da rana ya dawo ya tarar da matarsa tana shanya.

"Tun da ka fita ba wadda ta sauka," in ji ta. "Ga su can."

Suna jere a kan tankin ruwan maƙwabta, a fili fetal, inda ko makaho zai iya zaɓar mai ƙiba. A cikin ɗaki kuma 'yan shila suna ta tsuwa, tun safe ba abin da ya shiga cikinsu.

"Za su saba," ya ce.

"Ka rufa wa mujiyar buhu mana, har su shiga."

"Aikin kwana uku zan rufe da buhu? Ke dai ba ki san hannu ba."

Ya watsa hatsi, ya yi musu fiton da suka sani. Fara ta taso, ta zo daf da ƙofar ɗakin, rana ta haska idanun gilashin nan, ta yi kwana ta koma. Sau uku tana yin haka. Gaskiya sai a faɗe ta: tausayinta ya kama shi, amma can ƙasan zuciyarsa wani daɗi yake ji, yau ga masu rai sun gaskata aikinsa.

Ana cikin haka shahon ya iso. Ya zaga gidan sau ɗaya, ya sauko a hankali, ya dira a kan mujiyar. Ya goge bakinsa a goshinta, ya gyara tsayuwa. Bai taɓa samun wurin hange mai kyau irin wannan ba.

Kafinta ya rarumi hama ya haye tsani, shahon ya yi sama. Ya sa bakin hamar a gindin mujiya ya danna, ko gezau. Ya sake dannawa da ƙarfinsa duka, ƙotar hamar ta karye, don ita ma shi ya yi ta. Cikin duk abin da ya kafa a duniya, wannan ne kaɗai ya kafu.

"Miƙo buhun," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta shiga ɗauko shi, ƙofar kicin ta rufe a bayanta kamar kullum. Kafin ta turo ta ta fito, kukan 'ya'ya ya sake taso da Fara ita kaɗai. Tana tsakanin tanki da ɗaki, ta kasa gaba ta kasa baya, shahon ya faɗo daga sama. Ƙara ɗaya aka ji, kamar an tafa hannu. Farin gashi ya riƙa saukowa a hankali, wani ya maƙale a wankin da ke kan igiya.

Ya karɓi buhun ya rufa. Ba a yi minti biyar ba sauran suka shige ɗaki, namijin Fara ya hau ciyar da 'yan shila. Kafinta ya daɗe a kan tsanin bai sauko ba. Kunyar yayansa yake ji, kuma babu inda zai je ya ba shi haƙuri.

Da zarto ya yanke ginshiƙin. Matarsa ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, ta dai ɗauki mujiyar ta tokare ƙofar kicin da ita, ƙofar kuwa ba ta sake rufe kanta ba.

Yanzu duk baƙon da ya shigo gidan sai ya ja da baya, sannan ya matso ya shafa fiffiken ya ce, "Madalla da hannun da ya yi wannan." Kafinta yakan ce na gode, ya ɗebi hatsi a kwano, ya zaga bayan gida.